Kife Allon Ka Biya

Duk shekara, da zarar jami'o'i sun fara sakin sunayen waɗanda suka ɗauka, sai iyaye su shiga turo 'ya'yansu wurin irinmu da muka riga su taka wannan hanya, wai mu yi musu nasiha. Suna zuwa daga unguwannin Nima da Maamobi da Kawukudi a nan Akra, har da 'ya'yan waɗanda suka tashi suka koma Madina ko Ashaiman amma har gobe a Zango suke Sallah. Yaro zai rusuna ya gaishe ka, ya miƙo waya ka ga takardar shiga jami'ar Legon ko UPSA ko Jami'ar Fasaha ta Akra, sannan ya ce, "Baba, Hajiya ce ta ce in zo ka faɗa mini yadda ake karatu." Na san abin da yake jira: jadawali mai layi-layi, ko sunan wata manhaja da zai sauke a wayarsa. Abin da ke hannuna kuwa tsoho ne, kuma yaron ya riga ya san shi, domin da shi ya haddace izu biyu ko biyar tun bai kai shekara goma ba. Abin da ba a taɓa gaya masa ba shi ne, hanyar nan tana ci a ajin akanta da ajin haɗa magani yadda ta ci a gaban malam.

Zango ta shiga boko a makare, kuma rashin son ilimi ba ya cikin dalilan. Ƙasar da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga da Kete-Krachi yana karantarwa yana rubuta waƙoƙi da Larabci da Hausa har rasuwarsa a 1934, ba a ce wa Musulminta baƙin alƙalami. Amma lokacin da Malam Amadu Futa ya sauka a filin da ya zama Nima, a farkon shekarun 1930, mafi yawan makarantun boko a hannun mishan suke, uba kuwa yana tsoron ɗansa ya fita da sunan Abdullahi ya dawo da wani. Sai kuma Nuwamban 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Ɗakuna da yawa suka wayi gari da kwaɗo a ƙofa, waɗanda suka saura kuma aka nuna musu zamansu na aro ne. Mai zaman aro ba zai zuba jarinsa a karatun da kan ci shekara 17 kafin a kai ƙofar jami'a ba, domin haka tsarin yake a da: shida a firamare, huɗu a midil, biyar a sakandare, biyu na share fagen jami'a. A 1987 aka rage shi zuwa 12, kuma a shekarar ne aka buɗe sashen ilimin Musulunci a hukumar ilimi ta ƙasa, makarantun unguwa suka fara karɓar malaman gwamnati, ana Turanci da Larabci a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Mu da muka taso a tsakanin nan, kaya biyu muka ɗauka. Da safe sukul na boko, bayan la'asar makarantar allo, Asabar da Lahadi ma makaranta. Gida kuwa na haya ne, ɗaki ɗaya mutum shida ko bakwai, tsakar gida ɗaya ga iyalai fiye da goma, wannan na daka, wancan na neman BBC Hausa a rediyo, yara na kuka. Shekarar 1983 ta zo da fari da yunwa, ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, wuta ta zama ta rabo, ta kuma sake yin haka a 1998. Fitilar da muke kira bobo gwangwanin madara ne da lagwanin tsumma. In ka raba dare a kanta, ka wayi gari hancinka baƙi ƙirin. Littafin kimiyya ɗaya kan zagaya gida biyar. In ya faɗo hannunka bayan isha'i, da sharaɗin ya koma kafin a tafi sukul, don haka kana karanta shi ne da sanin gobe ba shi. Ka kwafi abin da za ka iya a bayan tsohon littafin rubutu, sauran ka riƙe a ka. Washegari a hanya abokinka zai tambaye ka me ka gani a babi na huɗu, dole ka faɗa masa da bakinka, don shi daren jiya ba a hannunsa littafin ya kwana ba. Ba yabon talauci nake ba. Ya kori yara masu kaifin basira da yawa daga aji zuwa tasha da kasuwa, wasunsu muna gaisawa har yau. Sai dai rashin littafi ya tilasta mana abin da wadatarsa ba ta tilasta wa kowa: rufe shi, da faɗin abin da ke ciki.

Abin da muke yi da littafin aro bisa larura, a makaranta ƙa'ida ce. Malam zai rubuta maka aya uku ko huɗu a allo, ko ka rubuta da kanka ya duba ya gyara wasali. Ya biya maka, ka bi, ya sake biyawa har harshenka ya daidaita. Ka koma gefe ka yi ta nanatawa da ƙarfi, yatsa na bin layi. Duk wannan shiri ne. Karatun yana farawa lokacin da ka zo gabansa ka durƙusa, ya ce, "Kife allon." Ka kifa shi a cinya ka fara. Inda ka tsaya, ba zai ciro ka nan take ba. Zai bar ka ka yi lalube, gumi ya keto maka, wani lokaci kalmar ta faɗo da kanta, wani lokaci ya jefo maka harafin farko kawai. In ka kai ƙarshe ba tuntuɓe, a ce je ka wanke. In ba ka kai ba, allon nan zai kwana da rubutunsa, ko kwana nawa ne, kowa na gani. Hukuncin ka iya ko ba ka iya ba, ba a bakinka yake ba. Kuma wanke allo ba sallama ce da abin da aka wanke ba: akwai tishi, akwai tilawa, akwai ranar da aka ware don a koma baya a ɗauko na makon jiya da na watan jiya. Mai izu goma da ya bar na farko ya zube, ba a lissafa shi mai izu goma.

Da muka shiga sakandare sai muka iske ana yi wa wannan hanya dariya. Karatun aku, in ji wasu malamai, haddar abin da ba ka san ma'anarsa ba. Yaran Zango da yawa suka ji kunya, suka ajiye allo da duk abin da ya koya musu a bakin ƙofa, suka rungumi abin da suka tarar ana yi a ciki. Me ake yi a ciki? Ana barin littafi ya huta har saura mako biyu jarrabawa, sannan a shiga kwanan zaune. A jami'a ma haka. A ɗakunan kwanan ɗalibai za ka ga mutum da goro a kunci, ga Nescafé ba madara, ƙafafu cikin bokitin ruwan sanyi don kada barci ya sace shi, har gari ya waye. Ɗaliban Gana suna da kirarin da suke yi wa wannan sana'a, kuma ba su ɓoye komai ba: a tauna, a zuba, a ci, a manta. Ita ma ai hadda ce, waccan da ake yi wa dariya, sai dai an zare mata abubuwa biyun da ke riƙe da ita. Ba wanda ya saurare ka kafin ranar, ba kuma ranar da za ka koma kanta bayan nan. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mafi yawan ɗalibai ranar suke nemo wuƙa.

Masu binciken yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abu sun daɗe a kan wannan magana. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa a 1885. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓin da ba su da ma'ana, yana auna abin da ya saura bayan awa, bayan yini, bayan wata. Ya ga mantuwa tana da gaggawa a farko sannan ta lafa, kuma maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, a Jami'ar Washington ta St. Louis a Amurka, suka ba ɗalibai wani gajeren rubutu. Wasu suka karanta shi a zama huɗu. Wasu suka karanta a zama ɗaya, sauran zama ukun aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu maimaitawa sun riƙe kashi 40 cikin ɗari, waɗanda aka kife wa allo sun riƙe kashi 61. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da aka tambaye su tun farko yadda suke ganin za su tuna, masu maimaita karatun ne suka fi amincewa da kansu. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa suka tace binciken da aka yi a kan dabarun karatu goma. Biyu ne suka fito da daraja ta sama, gwada kai da rarraba bita. Shafa wa layi launi da sake karantawa, waɗanda ɗalibai suka fi yi, suna can ƙasa.

Dalilin da sake karantawa ke yaudara ba shi da wuyar ganewa. Wanda ke hawa torotoro kullum daga Nima zuwa Madina zai rantse ya san hanya, domin duk abin da ya gifta ta taga ya saba da shi. A ba shi sitiyari, ka gan shi yana zagaye a Tetteh Quarshie ya rasa mafita. Ido yana shaida shafin da ya taɓa gani, sai zuciya ta ce ai na sani.

Ba sai mun je Amurka ba ma. Cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan malamanmu akwai Ta'alimul Muta'allimi na Shehu Zarnuji, wanda aka rubuta wajen shekara 800 da suka wuce, kuma kacokan a kan yadda ake neman ilimi yake. Ya ba ɗalibi lissafi: darasin jiya a maimaita shi sau biyar, na shekaranjiya sau huɗu, a yi ta ragewa har na kwana biyar baya ya samu sau ɗaya. Ya hana a rubuta abin da ba a fahimta ba. Ya fifita muzakara, zama da abokin karatu ana jefa wa juna tambaya, a kan maimaici kai kaɗai, da sharaɗin abokin mai neman gaskiya ne, ba mai neman kayar da kai ba. Ya zaɓi lokacin sahur da tsakanin magariba da isha'i. Akwai abubuwa a littafin da ba zan miƙa wa ɗalibin likitanci ba, irin jerin abincin da aka ce yana kawo mantuwa, amma tsarinsa yana nan daram. Na sha ganinsa a shimfiɗar masu sayar da littattafai a bakin masallaci ranar Juma'a, 'yan jami'a na tsallake shi suna neman takalmansu.

Kada a ce na wanke makaranta tas. Bulala ta yi yawa, ta kuma koya wa yara da dama cewa kuskure abin ɓoyewa ne, alhali duk amfanin kife allo yana cikin gano inda ka yi tuntuɓe. A matakin allo kuma ba a tambayar "don me". Ma'ana sai an kai ga littattafai, Ahalari da Ishimawi da Risala, inda malam ke fassara yana kawo mas'ala, yawancinmu kuwa boko ya janye mu kafin mu yi nisa a can. Jami'a tana son "don me" tun ranar farko. Saboda haka tsarin nake so yara su ɗauko, su bar haddar kalma da kalma: a rufe, a faɗa, wani ya saurara, a koma baya, kuma faɗin ya zama da kalmomin mai faɗa. Ladabin sunkuyar da kai gaban malam yana da kyau a zaure, amma na ga ya hana yaran Zango ɗaga hannu a lacca ko ƙwanƙwasa ofishin malami. Malamin da ke gaban ɗaruruwan ɗalibai ba zai san ka ɓata ba sai ka faɗa.

Yau kusan duk abin da muka rasa ya zo. Tun Satumbar 2017 sakandare kyauta ce, 'yan farkonta suka rubuta jarrabawar WASSCE a 2020, kuma ana ganin bambancin a lungunan Maamobi: gidan da a da ba mai takardar sakandare ko ɗaya, yanzu akwai 'yar jami'a. Dumso, ɗauke-ɗauken wutar 2015, ya ɗanɗana wa na baya duhu, amma ko a lokacin akwai fitilar caji. Annobar korona da ta rufe makarantu a Maris 2020 ta tura lacca cikin waya, ba ta kuma fito gaba ɗaya ba. Takardun malami na kan Sakai ko zauren WhatsApp na aji, abin da ba ka gane ba wani ya bayyana shi a YouTube, daga ƙarshen 2022 kuma ga ChatGPT da 'yan uwansa. Littafin da muke bi gida-gida muna aro, yanzu ɗari irinsa na cikin aljihun yaro, kuma ba mai zuwa karɓa da safe. Ba abin da zai tilasta masa rufewa, sai in shi ya tilasta wa kansa.

'Yar ƙanwata tana karatun jinya. Wata rana na same ta a ƙofar ɗaki, waya a hannu, tana bin takardun lacca a kan zuciya da yadda jini ke zagayawa, ta shafa wa kusan kowane layi ruwan ɗorawa. Ta ce ta bi shi ya fi a ƙirga, ta gama da shi. Na ce, "To, uwata, kifa wayar." Na yago bayan wata tsohuwar kalanda na miƙa mata da biro, na ce ta zana mini zuciyar, ta nuna inda jinin da ya dawo daga jiki ke shiga da inda yake fita. Ta zana ɗakuna huɗu daidai. Ta shigar da jinin ta dama, ta sauke shi ɗakin ƙasa, sai biro ya tsaya.

"Kawu, wallahi na sani, yana nan bakina."

Na yi shiru irin na malam. Can sai ta tuna huhu, ta kai jinin ta dawo da shi ta hagu. Na ce don me bangon ɗakin ƙasa na hagu ya fi na dama kauri? Wannan ba ya cikin abin da ta shafa wa launi. Ta daɗe tana kallon zanenta, sannan ta ce ai na dama huhu kawai yake tura wa jini, ga shi nan kusa, na hagu kuwa har yatsan ƙafa. Ba ni na faɗa mata ba. Ta ce wannan hanya tana da wahala, tana sa mutum ya ji bai san komai ba. Gaskiyarta, shi ya sa ba a son ta, shi ya sa kuma masu karatu sau huɗun nan na St. Louis suka tashi da farin ciki suka dawo bayan mako hannu rabi.

Abin da na ce mata shi nake ce wa sauran. Ranar da aka yi lacca, kafin a kwanta, a ɗauki farar takarda a rubuta abin da aka riƙe ba tare da leƙe ba, sannan a buɗe a ga giɓin, a cike shi da biro mai wani launi. Minti ashirin ya isa. A dawo kansa bayan kwana biyu ko uku, sannan bayan mako, sannan ƙarshen wata, kuma kowace dawowa a fara da rufewa. Pasko, tsofaffin tambayoyin jarrabawa da kowane ɗalibi ke farauta, yawanci tare da amsoshi ake samo shi a haddace. Amfaninsa na gaskiya shi ne a zauna da agogo a amsa kafin a ga amsar, tun farkon zangon karatu. Shi kuwa apo, tambayoyin da ake cewa sun fito ta bayan gida, ko an ajiye maganar haramci gefe, caca ce. A 2015 hukumar WAEC ta soke takardu biyar na jarrabawar BECE saboda sun fita kafin lokaci, waɗanda suka gani da waɗanda ba su gani ba duk suka sake zama.

Na'urar da ke amsa tambaya kuma, ban ce a guje ta ba, don ba za ta gudu ba. A zaunar da ita a mazaunin mai sauraro. Ka bayyana mata abin da ka fahimta, ka ce ta nemo inda ka karkace, ta jefo maka tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. In ka bar ta ta rubuta maka allon ta kuma biya, an wanke ba a karanta ba. Tana kuma yin kuskure da cikakkiyar murya, ba ta ko inda-inda, don haka littafi ne alƙali.

Mai sauraro ɗan Adam ya fi ta. Mutum uku ko huɗu sun isa muzakara, in suka kai goma ta zama hira. Kowa ya zo ya riga ya karanta, ɗaya ya miƙe ya yi bayani, sauran su nemi inda za su kama shi. A nan yaron Zango yana da wata dukiya da bai lissafa ta ba. Ya taso da Hausa da Turanci da Twi, sau da yawa da Ga da harshen kakanninsa, Zabarmanci ko Kotokoli ko Dagbani. Ɗalibin tattalin arziki ya zauna ya bayyana wa Hajiya da Hausa abin da ake nufi da hauhawar farashi. In ya kasa, Turancin ya haddace. In ya iya, za ta tambaye shi don me buhun shinkafa ya tashi da faɗuwar sidi amma bai sauko ba da sidin ya farfaɗo, kuma tambayar nan ta fi da yawa daga cikin na pasko.

Maganar lokaci ba ta da tsawo. Cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka zuba mata da rana, wanda ya kwana zaune ya hana ta aikinta. Ladanan Nima kuwa ba sa barin kowa ya makara, kuma awa ɗaya da rabi bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, ta fi awa huɗu na tsakar dare. Da azumi abu mai nauyi a yi shi bayan sahur, a bar wa la'asar mai sauƙi. Wanda ba shi da ɗaki a jami'a, cunkoson motoci daga 37 zuwa Shiashie zuwa Okponglo zai ci masa awoyi kowane mako. Ba a iya karatun kirki a torotoro, amma ana iya tilawa, da 'yan katuna masu tambaya a gaba amsa a baya. Waya kuma a sauke abin da ake buƙata a kashe data, ko a ba wani ajiya. Ba ni da faɗa da bes, majalisar samarin unguwa. A can ake jin labarin aiki, a can ake haɗa kuɗin wanda aka kwantar a asibiti. Amma shayin ataya zagaye uku ne, kafin a kai na uku ana gardamar ɗan ƙwallo Kudus dare ya raba, don haka ɗalibi ya zaɓi darensa a mako.

Wurin zama ma ya samu fiye da da. Wata 'yar Kanada, Kathy Knowles, ta fara karanta wa yara shida littafi a ƙarƙashin bishiya a gidanta a Akra a 1990. Daga nan aka kai ga laburaren Nima-Maamobi a 1998, aka ƙara cibiyar karatu kusa da shi a 2008, inda manya ke samun tebur da shiru. Babban Masallacin Ƙasa da gidauniyar Hudayi ta Turkiyya ta gina a nan Kawukudi, aka buɗe a Yulin 2021, yana da makaranta da ɗakin karatu a harabarsa. Ɗan Legon yana da laburaren Balme. Wanda ya saba zuwa wuri ɗaya a lokaci ɗaya, ba ya ɓata rabin awa yana shawara da kansa ko yau zai yi karatu.

Saura magana ɗaya, kuma ta iyaye ce. Awar asubar nan da nake ta yabo, a gidaje da yawa ba ta 'ya mace ba ce. Ita ke hura wutar koko, ita ke tsame wake, ita ke ɗebo ruwa ta yi wa ƙanne wanka, ƙarshen mako kuma ga bikin awure da ba a isa a ce ba ta je ba. Ɗan uwanta da suke aji ɗaya yana komawa barci. Ƙungiyar Achievers da aka fara a 2011 don 'yan matan Nima da Maamobi su samu wurin zama da littafi, wannan giɓin ta gani. Na faɗa wa ƙanwata cewa kuɗin makarantar da take tarawa daga tukunyar koko ba zai haifi komai ba in yarinyar ba ta da awa biyu nata na kanta. Ta ce, "Yaya, na ji. In ta zauna da littafi, wa zai tsaya kan tukunyar da ke biyan kuɗin?" Tambayar tana da nauyi, kuma Zarnuji da Dunlosky duk ba su amsa ta ba. A gidan dai an tsaya a kan ƙanen yarinyar ne zai riƙa ɗebo ruwa ya kai tukunya bakin titi, ita kuma ta karɓi na yamma. Ya yi ta ƙunƙuni, maƙwabta suka ce an mayar da namiji ɗan daudu, uwar ta yi kunnen uwar shegu. A ɗakin da ke kallon nasu akwai wata yarinyar da ta shiga jami'a a shekarar, har yanzu ita ke hura wuta.